Masarar Falalu

Shekara uku bayan yaƙin Asante, Falalu ya ajiye bindigar Turawa, ya rantse shi da bariki har abada. Bai zauna a zangon Akra ba, inda tsofaffin sojoji ke yini a inuwar masallaci. Ya ɗauki matarsa Ƙaltume suka yi arewa da gari, wurin da babu kowa sai ciyawa. Daga bukkarsa zuwa rijiya mafi kusa taku dubu biyu da ɗari shida ne, ya ƙirga. Sai ya haƙa tasa, gaba huɗu da rabi.

Mutum ne da hannunsa bai san hutu ba. Igiya shi ke tufkawa, sabulu Ƙaltume ke dafawa da tokar ɓawon ayaba. Zabi goma sha bakwai, awaki biyar, tarkon gafiya tara. Fargabarsa ɗaya ce: abinci ya yanke, dole ta mayar da shi aikin soja.

Masarar farko ta yi kyau. Ya gina rumbun ƙasa irin na gidansu a Katsina, ya zuba kwando arba'in da biyu, ya liƙe bakin da laka yadda ya ga mahaifinsa na yi. A can, in an yi girbi, ruwa ya tafi ke nan sai baɗi.

Yana cikin shafe lakar sai ga Iya Dede, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga mai kawo busasshen kifi ta karɓi ƙwan zabi.

"Soja, wa ya mutu kake binnewa?"

"Rumbu ne, Iya. Hatsi kan shekara uku a ciki."

"A garinku. Nan ruwa sau biyu yake zuwa."

Falalu ya yi dariya. Ai ya sani, ruwan nan na biyu ya sha dukansa a fareti. Bai dai taɓa kawo masa hatsi a rai ba.

Kwana ashirin da biyar ana yayyafi, Ƙaltume ta ji wari. Da ya fasa bakin rumbun, zafi ya bugi fuskarsa. Masara ta yi gumi, fumfuna ta rufe ta. Kwana uku suna tsinta, suka tsira da kwando goma sha biyar. Kwando huɗu suke ci a wata, babban girbi kuwa sai bayan wata goma.

Sai ya tambayi Ƙaltume inda ta ajiye wandonsa na soja.

"Malam, wandon ba gudu zai yi ba. Fara zuwa ka gaida Iya Dede."

Nauyi ya kama shi, amma ya je, ya durƙusa. Tsohuwar ba ta yi masa gori ba. Ta nuna masa rumfar kara bisa murhunta, masara jibge a kai, hayaƙi na ratsa ta kullum.

"Tashi," in ji ta. "Ruwan da ya ɓata maka, da shi za ka yi shuka. Yau, ba gobe ba."

Kafin la'asar ya kafa rumfa. Washegari ya cire rabin kwando daga abincinsu ya shuka. Kwana ɗari da biyu suna rage tuwo, suna cikawa da rogo da gafiya. Ranar da ya karya sabuwar masara, saura kwando biyu a kan hayaƙi. Ya girbi ashirin da shida.

A filin nan ya yi sauran rayuwarsa, shekara ashirin da huɗu, yana shuka sau biyu a shekara.