Amalanken Baba da Kwanon Gidan Malam Ila

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar mahaifina, Issufu Maƙeri na Tasawa, Allah Ya haskaka makwancinsa. In na tuna shi, abin da ke fara zo mini a kunne wani shuuu ne da rediyon gidanmu ya yi wata rana da hantsi, sa'ad da pil ɗinsa, wato batir, ya mutu ana tsakiyar labarai. Daga wannan shuuu abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya taso.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa na tashenta. Baba ya baro maƙerar kakanninsa a Maijirgi, ya zauna Tasawa yana gyaran kamiyon, manyan motocin da ke jigilarta. Ranar nan akwai wani baƙon direba a zaurenmu. Da ya ga Baba na bubbuga rediyo, sai ya ce ai pil duk cuta ce. Wai a Amurka wani Bature ya daɗe da ƙera mota ba isansi, wato fetur, sanda ɗaya ce a bayanta tana tsotso wuta daga iska, masu sayar da mai suka ɓoye ta. Direba ya sha furarsa ya kama hanya, ya bar mu da jidali.

Baba bai yi lakwal ba, wato boko, amma ba ya barin magana ta kwana. Ya ce in murya na tasowa daga Yamai ta shigo akwati ba igiya, me zai hana wuta biyo bayanta? Ya warware wayar jan ƙarfe daga matattun injuna, ya ɗaura daga ƙolin gawon ƙofar gida zuwa zaure. Da waya ta ƙare sai ya faɗa wa tasoshin jeren Inna, ya narkar da biyu. Inna ta yafe masa abubuwa da dama a duniya, amma har ta koma ga Allah in ta ga tasa a kasuwa sai ta yi tsaki.

Ranar gwaji ya kwance jaki daga amalanke, ya ɗora wani akwati da ya harhaɗa da wata tsohuwar dinamo, ya kafa sanda. Amalanke ko gezau. Amininsa Malam Ila, maƙwabcinmu mai awon gyaɗa a kamfanin Nasara, ya yi dariya har ya zauna ƙasa, sannan ya tashi ya kama masa turi. Ƙofar gidanmu gangare ce zuwa tabki. Amalanke ya kuɓuce musu, ya sulala shi kaɗai ya nutse a laka. Mata masu dawowa daga rijiya suka hango amalanke na gudu ba jaki. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ina tsaye a wurin da ƙanena a baya.

Da hadarin farko ya haɗo, Malam Ila ya hau gawo ya datse wayar, don ya taɓa ganin aradu ta bi waya, ga shi kuwa mu yara a ƙarƙashinta muke wasa. Baba ya yi fushi, ya daina yi masa magana. Amma ko a cikin fushin, da an sallame magariba kowa zai fito da kwanonsa su yi ciyayya a tabarma ɗaya, suna ci ba mai kallon wani. Kafin a cire gyaɗa sun shirya. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Baba a shekarun fari, Malam Ila ne ya yi masa wanka. Bayan su duka sun shuɗe, kwano bai daina tsallakawa tsakanin gidajen biyu ba.

To yau kuma me nake ji? Saƙon murya na yawo a wayoyin samari daga Tasawa har Mayahi: wai Issufu Maƙeri ya ƙera mota mai shan iska, ya tuƙa ta har Kona ya dawo, wai Nasara suka sayi Malam Ila ya yanke wayar, daga baya ya sa masa guba a tuwo. An ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, wannan kam ta yi. Ƴaƴan ƙanena, waɗanda ko ƙeyar Baba ba su gani ba, sun hana matansu kai kwano gidan Malam Ila, inda ɗiyarsa Hajiya Rabi, ƙawata tun muna tallar ƙuli, take zaune da jikokinta. Da na zo sadakar cikar shekara na yi wa babbansu faɗa, sai ya ce mini, “Gwaggo, ke ba ki son a san kakanmu gwani ne?”

Na ce, “Kai, gwani ne a ƙira. Motarsa kuwa da idona na ga an jawo ta daga laka da jaki.”

Nakan tambayi kaina, da Baba zai leƙo yau, me zai ce? Na san farantan hasken rana da ke bisa rufin shaguna za su hana shi cin abinci. Zai nemi tsani ya hau ya shafa, ya sauko yana cewa ashe sama ɗin dai ce, ƙofa ya ɓata. In aka nuna masa babur mai tafiya da batir, sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Amma in ya ji an kira Ila maci amana da sunan girmama shi, wallahi ba na jin zai tsaya sauraron sauran. Wane irin yabo ne sai an tona kabarin wani kafin a yi shi? Ga kuma Ranar da za a tambayi kowa abin da harshensa ya yaɗa.

Wayar Baba ta tafi, gawon ma an sare. Bai bar mana mota ba. Abin da na ga ya bari shi ne mutum ya yi tambaya ba kunya, in ya faɗi a laka ya yi dariya tare da masu yi masa, kuma ko yana fushi kada ya janye kwanonsa daga tabarma.

Don haka da yamma na tuƙa tuwo da hannuna, na ɗora wa jikata Nana kwano a ka, a gaban iyayen gidan, na ce ta kai wa Hajiya Rabi. Na zauna kan buzu da carbi, ina ta leƙen ƙofa, don wanda aka ce ubansa ya sa guba yana da hujja in ya maido tuwo yadda aka kai shi. Can sai ga Nana da kwano, an ciko shi da dambun zogale.

“Kaka, Hajiya ta yi ta share ido da mayafi. Wai in gaya miki har yau ba ki iya miya ba, kuma gobe ki aiko da wuri.”