Ranar da Aka Canja wa Gwaggo Uwar Likita

Shekara tara Gwaggona tana kitso a gaban talabijin, kuma duk mai zuwa shagonta ta san ƙa'ida: ƙarfe huɗu lokacin wasan kwaikwayon gidan likita ne. Idan labari ya yi daɗi, hannunta kamar auduga. Idan marubutan suka yi shirme, a kanki za ta huce.

Ranar Talata ni ce a gabanta. Ana fara wasan sai ga wata yarinya, ko talatin ba ta kai ba, an barbaɗa mata farar hoda a gashi, wai ita ce uwar likita. Tsohuwar da muka saba da ita an cire ta, babu ko bayani.

Gwaggo ta finciki gashina har idona ya kawo ruwa. "Wannan ce ta haifi ƙato mai gemu? Sun raina mana hankali. Tare da waccan tsohuwar, baiwar Allah, na yi kuka ranar da mijinta ya rasu."

Na ce, "To ki kashe mana, Gwaggo."

"In na kashe, wa zai zage su?"

Kwana uku ban iya ɗora kaina a matashi ba. Su kuwa waɗanda suka yi aika-aikar, ko ciwon kai.