Mai Juya Mata Shafi

Gwaggo Fiyano, kamar yadda ɗalibanta ke kiran ta, ta tsufa tana kaɗa fiyano a makarantar koyon kiɗa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa danna abin da ba a rubuta ba. Ka ajiye mata takardar kiɗa a gaba, ta sa ka hawaye. Ka ɗauke takardar, sai ta zauna zugum kamar wadda aka ƙwace wa kwano. A wurinta kiɗan da ka, wanda ba a rubuce ba, shirme ne, kuma ba ta ɓoye wa ƙanenta mai jita, wanda ke yawon kiɗa gidajen biki.

To, sai ido ya fara tafiya. Wani baƙin tabo ya zauna mata a tsakiyar gani, likita ya ce ba ya komawa. Ta ji tsoro ƙwarai, don ta san ranar da takarda ta gagare ta, ita da kiɗa sun rabu. Dole ta sauke girman kai ta kira ƙanen ya koya mata kiɗan da ka.

Da la'asar yake zuwa ɗakin gwaji, mai warin tsohon katako da fanka mai ƙara. Ya kwashe takardun ya zauna a kansu.

"Yaya, danna duk abin da ya zo miki."

"Ba abin da ya zo."

"To danna hakan ma, ba mai cin ki tara."

Aka daɗe ana wannan fama. Ran nan kawai hannuwanta suka kama tafiya, wani kiɗa mai sanyi ya fito wanda shi kansa bai taɓa ji ba. Har ya fara murna, sai ya lura da wani abu. Masu irin karatunta suna da mai juya musu shafi a hagu, in sun kusa ƙarshen layi sai su gyaɗa masa kai. Ita ma lokaci-lokaci tana gyaɗa kai hagu, alhali kujerar wurin ba kowa.

"Wa kike wa alama?"

"Mai juya mini," ta ce, ba ta daina ba. "A cikin tabon nake gani. Layuka ne a rubuce tsaf, ni karantawa kawai nake yi."

Ya kashe fankar, kuma ya rantse ya ji motsin takarda.

Kullum kiɗan na ƙara daɗi, tabon na ƙara faɗi. Wata la'asar tana tsakiyar kaɗawa fuskarta ta canza.

"Shafin ƙarshe ne," ta ce a hankali. "Ga layin rufewa can ƙasa. Bayansa babu komai."

"Ki ɗaga hannu ki tsaya, Yaya."

"In na tsaya ma an gama."

Saura kaɗan ta kai layin rufewar, sai ta kauce. Ta danna wani sauti da ba ya cikin rubutun, ta bi shi da wani, tana tuntuɓe, gumi na ɗiga a kan farin katakon da take dannawa. Kiɗan ba kai ba gindi, irin wanda da ɗaliba ce ta yi shi da ta sha faɗa.

"Wannan fa ba daɗi," ya ce.

"Na sani. Nawa ne. Ɗauki jitarka ka biyo ni, kar ka bari in yi shiru."