Ranar da Na Je Kotu Ba Alwala

Shekarun baya can, lokacin ina da ƙarfin saɓa ɗanyar fatar bijimi a kafaɗa, na yi aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Ina haya a Zawaciki, ɗaki ɗaya, ni da iyalina, kullum in tuƙa keke in tafi. Cikin shekarun tamanin ne, sa'ad da kamfanoni suka fara rage ma'aikata. Kowace safiya za ka tarar da mutane tsaye a bakin get suna jiran a kori wani a ɗauke su, mu na ciki kuwa ba ma son haɗa ido da su.

Inji ɗaya muke aiki a kai ni da abokina, wani mutumin ƙasar Gumel mai yawan barkwanci. Injin yana kankare nama daga jikin fata, yana da wuƙaƙe masu juyawa da murfin ƙarfe da ke hana hannu kaiwa gare su. Murfin yana rage sauri. Wata rana helmanmu, wato shugaban leburori, ya zo ya ce manaja ya ce a kwance shi, aiki ya yi yawa. Ni na riƙe masa sifana. Abokina har ya yi dariya ya ce an cire wa kura takunkumi, sai a yi hattara da ita.

Ba a yi wata biyu ba, wata jiƙaƙƙiyar fata ta zame, ta ja hannunsa na dama ciki. Ba zan ba da labarin abin da na gani ba. A asibiti aka ƙarasa yanke hannun daga wuyansa. Washegari da na shigo aiki, na tarar da murfin a mazauninsa, an ɗaure tam, har an goge shi.

Ƙungiyar ma'aikata ta kai magana kotu. Kamfani ya ce abokina ne ya ɗaga murfin da kansa don ganganci, saboda haka ba shi da haƙƙin komai. Ni kaɗai nake kusa da shi ranar, don haka aka kira ni ofishin manaja, inda na tarar da lauyan kamfani. Bahaushe ne, mai fara'a, ya ba ni kujera, yana ta ce mini Malam. Ya gaya mini abin da zan faɗa: murfi yana nan, na ga abokina ya ɗaga shi. Manaja bai sa baki ba sai sau ɗaya, ya ce ana nan ana tsara sunayen waɗanda za a rage ƙarshen wata. Bai ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Na ce, ranka ya daɗe, ni fa ina tsoron dafa Alƙur'ani. A garinmu na san wanda ya rantse a kan gonar da ba tasa ba, damina ba ta zagayo ba sai da ya fita hayyacinsa. Lauya ya yi murmushi.

"Malam, wannan mai sauƙi ce. In an miƙo maka, ka ce ba ka da alwala. Sai a sa ka ɗaga hannu kawai ka yi alkawari. Kullum haka ake yi."

Ya ba ni takarda da aka buga da tafireta, ya ce in haddace. Ban iya boko ba, sai na sa ya karanta mini ina rubutawa da ajami a bayanta. Da na koma gida na buɗe, sai na ga hannuna ya fara da bisimilla a sama, kamar yadda malaminmu ya saba mana tun muna rubutu a allo. Ban san lokacin da na rubuta ba. Ga sunan Allah, ga ƙarya layi shida a ƙarƙashinsa. Ba dama in yar, ba dama in sa a aljihun da nake shiga bayi da shi. Na cusa ta a saman katangar ɗaki, amma ko ina cin tuwo ina jin tana can.

A unguwarmu akwai wani Alhaji mai talabijin baƙi da fari. Duk ranar Alhamis bayan magariba yakan fito da ita ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi. A lokacin ana nuna wani wasan kwaikwayo na wani lauya da ya ƙware wajen koya wa shaidu ƙarya. Da can kallon nishaɗi nake yi, ina taya mutane zaginsa. Yanzu kuwa duk sa'ad da ya dafa kafaɗar shaida ya ce ai wannan mai sauƙi ce, sai in tuna lauyan kamfani. Mutane suna cewa Allah ya isa ga shaidan nan, ni kuwa ina sunkuyar da kai kamar sun sani.

Abokina ma yakan zo kallo, hannunsa naɗe a cikin riga. Idan aka kira isha'i ni nake zuba masa ruwa, don bai saba riƙe buta da wanke hannu ɗaya a lokaci guda ba. Ya san an kira ni ofis. Bai taɓa tambayata ba. Sau ɗaya dai ya ce, "Ɗan Malam, kana da iyali, na sani." Daga nan ya koma zolayata cewa ruwan da nake zuba masa ya yi kaɗan, ko mako nake yi da ruwan Alhaji.

Alhamis ɗin ƙarshe kafin zaman kotu, lauyan talabijin ya tuba. Ya miƙe gaban alƙali, ya cire hular gashin nan ta lauyoyi, ya ce shi ya kitsa komai, a saki talakan da ake tuhuma. Tabarma ta kaure da kabbara. Ni kuwa, ku ji wauta, sai na ɗauka ishara ce aka yi mini. Na ce ai lauyan kamfani ma Musulmi ne, wataƙila shi ma ya kalla. Na yi kwana huɗu ina roƙon Allah ya taɓa zuciyarsa, ya miƙe ya faɗi gaskiya, ni in tsira da aikina da lahirata ba tare da na buɗe baki ba. Ban taɓa roƙa wa tawa zuciyar ba.

Ranar Litinin na yi asuba, na kama ruwa, na ƙi sake alwala. Tun ina yaro ban taɓa fita gida haka ba. Wai don kada in yi ƙarya in an tambaye ni, alhali ƙaryar da ta fi ta girma zan je yi. Iyalina ta miƙo buta, na ce na makara.

Kotun tana wajen Nassarawa. Ina zaune a benci ina kallon lauya, ina jiran ya cire hula. Yana ta juya takardu, har da hamma. Aka kira ni, na fito. Wani dattijon masinjan kotu ya ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa, tafinta ya tambaye ni, na ce ba ni da alwala.

Dattijon ya dube ni da tausayi, kamar wanda ya ga baƙo cikin matsala.

"Ayya, Malam, ai akwai buta a baya. Yanzu na cika ta."

Alƙali ya ɗago kai ya ce in je, za a jira. Na waiwayi lauya. Bai koya mini abin da zan ce a nan ba, kuma wane Musulmi zai ce a gaban jama'a ba ya son alwala?

Na tsuguna a bayan ginin, gindin wani darbejiya. Na yi bisimilla, na karkata buta da hagu, ruwa ya zubo a kan hannuna na dama. Na tsaya ina kallonsa. Yatsu biyar, duk suna nan, da baƙin jima a ƙarƙashin farce. Shi ne hannun da ya riƙe sifana. Na wanke shi sau uku, ina jin tsoro iri biyu suna kokawa a ƙirjina, na ƙarshen wata da na kabari. Kafin in kai ga ƙafafu ɗaya ya danne ɗaya. Ba jarumta ba ce, wallahi. Tsoron da ya fi girma na bi.

Na koma na dafa, na faɗi yadda aka kwance murfi, da wanda ya ba da umarni, da wanda ya riƙe sifana. Lauya ya yi mini tambayoyi masu zafi, ya ce ko abokina ya yi mini alkawarin wani abu. Hularsa tana kansa har aka tashi.

Ƙarshen wata sunana ya fito na uku cikin waɗanda aka rage. Na yi kusan shekara ina bin get-get daga Sharaɗa zuwa Bompai, cikin masu tsayuwar nan da nake gudun haɗa ido da su, kafin in samu gadi a wani kamfanin saƙa. Mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Abokina ya samu haƙƙinsa, ya koma gida ya buɗe ɗan tebur. Takardar nan kuwa na yage layin sama na adana a cikin littafina, na ƙona sauran.

Yau idan jikokina suna kallon irin waɗannan wasanni, aka zo inda mugu zai tuba, nakan tuna da kaina. Na san daɗin zama a tabarma kana jiran wani ya yi gaskiya a madadinka. Abokina ya rasu shekaru da dama, Allah ya jiƙansa. Dattijon masinja kuwa ban sake ganinsa ba, bai ma san abin da ya yi ba. Amma har gobe, duk sa'ad da ruwan alwala ya taɓa hannuna na dama, sai na sa shi a addu'a, shi da butarsa.