Gershon Ɗakin Kati da Martina Biyu

Shekara ashirin da uku Mista Gershon Kumai ya yi a ɗakin kati na wani asibitin mishan a Kafanchan, har sunan ɗakin ya manne masa. Mutumin Kauru ne, gajere, mai biro uku a aljihun riga, biyu daga ciki ba sa rubutu. Ba bisa haruffa yake jera katin marasa lafiya ba, bisa ƙauye da dangi yake jerawa, don haka ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, asibitin ma kwantawa yake yi. Wannan kuwa yana masa daɗi fiye da albashi.

Da aka ce za a kawo manhaja ta kwamfuta, sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Danne-danne ne kawai," ya ce wa Sista Doreen, shugabar nas-nas. "Abin da matata ke yi a waya tana tuƙa tuwo, shi za a tara mu kwana uku a koya mana?"

Mai koyarwar wata ce Amaka, jikar wani tsohon direban jirgin ƙasa, haifaffiyar unguwar Relwe, wadda Hausarta ta fi ta Gershon gyaruwa. Ranar farko ya zauna can baya, ya yi gyangyaɗi, bai farka ba sai da ya ji ƙamshin shinkafar da aka kawo. Rana ta biyu ya ɗaga hannu ya sanar da jama'a cewa shi tun kafin a haifi malamar yake wannan aiki.

"Madalla, Baba," in ji Amaka. "To zo ka nuna mana."

Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, aka haska aikinsa a bango kowa na gani. Ta ce ya nemo Martina Yohanna ya tura ta wurin likita. Ya laluɓo haruffan da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar dawa. Martina Yohanna biyu suka fito.

"Kun gani? Injin ya rikice tun ba a je ko'ina ba. Mutum ɗaya ya rubuta sau biyu."

Ya danna inda ake haɗe su. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce i. Ta nuna masa shekarun haihuwa sun bambanta, ya ce i. Ta fito da jan rubutu, bai karanta ba, ya ce i. Sannan ya miƙe yana kaɗe hannu.

Amaka ba ta yi dariya ba. Ta buɗe shafin ɗakin magani, sai ga allurar da aka rubuta wa Martina ta Nok, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, ta koma kan Martina ta Jere, mai cikin wata shida, wadda jikinta ba ya karɓar wannan allurar sam. Ta buɗe shafin gwajin jini, nan ma an cakuɗa. Ta buɗe na ɗakin haihuwa, ga tsohuwar an ba ta ranar awo.

"Sau uku manhajar ta roƙe ka, Baba," ta ce. "Da ba katunan gwaji ba ne, da yanzu ana neman fasto."

Sista Doreen ta toshe baki da hankici kafaɗunta na rawa. Gershon ya koma ya zauna. Shi kaɗai ya san sau nawa ya miƙa katin wani ga wani a shekarun nan, Allah ya rufa asiri.

"'Yata," ya ce a hankali, "ta yaya abin ya san jikinta ba ya so?"

Ta nuna masa. Kowane gurbi na manhajar da ya raina yana da inda yake zuwa: wannan ɗakin magani yake yi wa magana, wancan likita yake tsayarwa, wancan kuma yana ajiye sunan wanda ya taɓa me da ƙarfe nawa. Wannan na ƙarshen ya fi komai tsorata shi. Rana ta uku shinkafarsa ta huce a gefe yana cika littafi da rubutu.

Sai dai tuban Gershon ya fi zunubinsa wahalar da mutane. Yanzu in ka zo da ciwon ciki sai ya tambaye ka sunan kakarka, ya juyo maka da fuskar kwamfuta ya bayyana maka hikimar kowane gurbi, kana murɗawa yana wa'azi. Layi ya kai bakin ƙofa. A taron zumuntar maza na coci ya kawo shawarar a saka 'yan ikilisiya a manhaja, a riƙa ganin wanda ya yi fashin sujada. Dattawa suka ce a rufe da addu'a.

Bara wani sabon likita ya tsallake jan rubutu cikin gaggawa. Gershon ya bi shi har ɗakin duba marasa lafiya, ya tsaya a kansa sai da likitan ya karanta shi da ƙarfi, kalma bayan kalma, a gaban mara lafiyar. Likitan ya kai ƙara ofis. Aka bincika, aka tarar Gershon ne da gaskiya, abin da ya ɓata wa asibitin rai gaba ɗaya.