Taswirar Malam Inuwa ta Fentin Mai

Shekara ashirin da uku Malam Inuwa ya yi yana shiga ajin Bayoloji a wata sakandare da ke Hayin Banki da littafi ƙwaya ɗaya, bangonsa ya yi baƙi ƙirin don maiƙon hannu. Abin da ke ciki ma ba nasa ba ne. Darasin da malaminsa ya karanta musu ne a kwaleji, ya kwafe, shi ma yake karanta wa 'ya'yan mutane. Zai zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Ku rubuta." Shi ke nan fa, wai an yi karatu. Yaro ya yi tambaya, ya ce masa ba ta fitowa a jarrabawa.

Taƙamarsa a duniya guda ce: aji shida, masu fita, a hannunsa suke. Ko a majalisar ƙofar masallaci sai ya san yadda ya cusa zancen, "mu da ke riƙe da 'yan fita."

Ana nan sai aka turo Malama Bara'atu, aka ba ta aji huɗu. Ita da ta zo darasin muhalli, sai ta kwashi yaran ta kai su bakin lambatun bayan makaranta. Suka ga ciyawa, suka ga fara, suka ga kwaɗo. Da suka dawo ta sa kowa ya rubuta sunan abin da ya gani cikin da'ira, ya ja kibiya zuwa abin da ya dogara da shi, ya rubuta dalili a kan kibiyar. Taswirar tunani take kiran abin. Yara su zana, su yi gardama, su goge, su sake.

Malam Inuwa ya leƙa ta taga, ya ja tsaki. "Zanen 'yan firamare," in ji shi. "Mu da muka yi karatu na gaske ba mu san wannan shirmen ba."

Bai yi wata biyu da faɗar haka ba shugaban makaranta ya tara malamai. Masu duba makarantu na tafe, taswirar nan suke son gani, kuma wanda darasinsa na muhalli ya gamsar da su shi zai riƙe aji shida baɗi.

Malam Inuwa ya shiga lissafi. To, ya je ya ce wa Bara'atu ta nuna masa mana? Ina! Yarinyar da ya ba shekara ashirin? Sai ya faki idon mutane bayan an tashi, ya ɗauki hoton allonta da waya, ya nufi tashar Kawo wurin Nazifi, mai zanen bayan manyan motoci.

"Nata na alli ne, kowa na iya gogewa," ya gaya masa. "Nawa da fentin mai za ka yi, a bangon gaban aji, gefen allo."

Nazifi gwani ne, amma a sana'arsa. Ya dubi hoton ya ga kibau sun hargitse, wata doguwa, wata ta haye wata. Ya ce wannan ai zubar da mutunci ne. Ya dasa shaho a tsakiya, ƙato, fukafukai a buɗe. Sauran ya jera su a kewaye daidai wa daida, ya haɗa kowanne da na kusa da shi. Ƙananan rubutun kan kibau kuwa ya watsar, wai suna ɓata aiki. Malam ya zo ya ga launi yana ƙyalli, ya ce, "Tubarkalla!" Ko tsayawa ya karanta bai yi ba. Sati guda ya sa yara suna haddace shi da baki ɗaya.

Ranar ta zo. Shugabar masu duba, wata dattijuwa mai tabarau, ta tsaya gaban bangon ta daɗe. Sannan ta nuna wata ɗaliba.

"'Yata, me ya haɗa kwaɗo da rana a nan?"

Yarinyar ta miƙe da ladabi. "Kibiya ce, Hajiya."

Hajiya ta juyo. "Malam, ko za ka taimaka mata? Ka haɗa mana har da ciyawar nan da na ga tana neman maciji."

Sai a lokacin bawan Allahn nan ya ɗaga kai ya dubi bangonsa da idon karatu. Abin da ya samu ya ce shi ne, "Ranki ya daɗe, laifin mai fenti ne." Kai, wallahi da ya yi shiru da ya fi masa.

Da aka dawo hutu, aji shida ya koma hannun Malama Bara'atu, can sabon gini. Malam Inuwa aka ba shi aji huɗu, aka kuma zuba masa su a wannan ɗakin dai. Sau biyu ana shafe bangon da farar ƙasa, shahon na sake fitowa da kibansa. Saura shekara shida ya yi ritaya. Shi yana juya wa bangon baya idan ya zauna koyarwa, amma yara sittin ɗin da ke gabansa bangon suke fuskanta.