Maganar Da Na Danne

Ni ne na yi kuskure, ba Baba Yohanna ba. Na daɗe da sanin haka, faɗinsa ne ya yi mini nauyi.

Muna yara a cikin garin Bauchi, kakata Inna Delu takan tara mu a bakin murhu bayan sallar isha'i, tana gasa masarar da danginta suka aiko daga Zungur. Ni ta fi tsokana. "Kai mijin nan nawa mai ƙaton kai, matsa, ka tare mini wuta." Sai ta juya masara, ta buɗe tatsuniya da cewa, "To, ga ta nan ta iso ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata!"

Akwai wata tatsuniyarta da har yau ban manta ba. Wai a wani gari aka so a mai da kasuwa cikin kwari. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce kada a yi, don ta ga tururuwa na kwashe ƙwai suna hawa tudu. Mai unguwa ya ce maganarsa ta danne tata. Dagaci ya ɗora tasa, hakimi ma ya ɗora tasa a sama. Aka kafa rumfuna. Ran kasuwa ta uku, rana tsaka, ba ko gajimare, sai aka ji rugugi daga bayan duwatsu. A nan Inna takan sake juya masara a kan garwashi. Sannan ta ce a hankali, "Ruwa ne. Bai tambayi hakimi ba."

Na ce, "Inna, ina maganar tsohuwar ta tafi da aka danne ta?"

Ta ce, "Tana nan a ƙasa tana numfashi, maigida."

Da na girma na samu aikin masinja a wani ofis. A can na koyi wata kalmar Turanci, wai obarul. In ƙaramin ma'aikaci ya rubuta shawara, babba ya soke ta da jan biro ya sa tasa, to an yi obarul ke nan. Ba wai ƙaramin bai da gaskiya ba, an dai fi shi kujera ne. Kalmar ta yi mini daɗi, don ni ban taɓa samun wanda zan yi wa ba.

Da na tashi yin katangar gidana wajen Shadawanka, na ɗauko Baba Yohanna, tsohon magini, sa'an mahaifina. Ya dubi ƙasar ya ce, "Ɗana, nan hanyar ruwa ne. A bar mashi ƙofa uku a gindin katanga." Na ce macizai za su shigo. Ya sake faɗa. A gaban leburorinsa na ce, "Baba, na yi obarul." Ya kalle ni, ya ɗauki cokalinsa na gini, ya toshe ko'ina.

Cikin Agusta katangar ta kwanta a kan turken awakin maƙwabcina. Da mutane suka taru, na ce laifin magini ne. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa aiki a unguwar. Damina biyu ina wuce shi a bakin titi inda magina ke jiran aiki, ina kau da kai. Bai taɓa tona ni ba, kuma shirun nan nasa ya fi ba ni tsoro. Na soke maganarsa a gaban mutane, amma ba ranar da ban ji ta ba.

Wata Asabar na tsaya. Na durƙusa a gabansa, sauran magina na kallo.

"Baba, ka ce a bar wa ruwa ƙofa, ni na hana. Katanga ta faɗi, na ce kai ne. Ƙarya na yi maka. Yau zan bi unguwa gida-gida in faɗa musu. Don Allah ka yafe mini."